Shingen Fulawar Alu

Idan ka shiga Rurum Tsohon Gari ka ce gidan Kulu kake nema, sai an tambaye ka wace Kulu, don masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Kulu mai daddawa, to ko makaho zai raka ka, shi ma hancinsa ne zai kai shi. Shekara arba'in da ɗoriya tana dafa kalwa a gida ɗaya, a murhu ɗaya, kuma har yau ba a sami wanda ya ce ya ɗanɗani ƙasa a daddawarta ba.

'Yar ƙauyen Zinyau ce. A hannun kakarta ta tashi, wata tsohuwa 'yar mai ganye da ba ta zama a gida sai in ruwa ya tare ta. Da ita Kulu ta zaga jeji tun ƙafarta ba ta san takalmi ba, har ta kai ko ganye ya bushe ya murmushe a tafin hannu, ta shinshina ta ce wannan sabara ce, wannan runhu, wannan kuma marke ne aka haɗa da kalgo don a cuci mai saye. Tsohuwar ta bar mata magana guda wadda ta riƙe kamar layar wuya: ganye baƙo ne, ba a ba shi masauki a cikin mutum sai an san sunansa da garinsu.

To ga abin dariyar, in abin dariya ne. Matar da ta san kowace bishiya daga Zinyau har bayan duwatsun Rurum, akwai wani tsiro a tsakar gidanta, taku goma daga ƙofar ɗakinta, da ta yi shekara ashirin tana shara a gindinsa ba ta san sunansa ba.

Mijinta Alu ne ya kawo shi. Alu mutum ne da magana take yi masa tsada. In ya yi goma a yini, to ranar an yi haihuwa ko an yi rasuwa. Aikinsa ban-ruwan fulawa a wani gidan saukar baƙi na gwamnati a birnin Kano, yana zuwa gida ƙarshen wata. Sau ɗaya tak Kulu ta taɓa taka wurin aikin nasa, shekarar da ta kai goyonta asibiti. Ta kwana biyu ta dawo, ta ce birni ya yi mata hayaniya. Da ya yi ritaya, abokan aikinsa wani ya dawo da keken ɗinki, wani da kwanon rufi. Alu ya sauka daga mota da 'yan sanduna uku a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, yana riƙe da su kamar an ba shi jariri.

Ya dasa su kusa da kwatar da ruwan wanke-wanke yake bi. Biyu suka mutu, ɗaya ta kama. Ba ta yi gangar jiki irin ta bishiya ba, sai rassa da yawa da suka taso daga ƙasa kamar karan dawa, har suka wuce tsayin mutum. Ganyenta dogo ne siriri mai kauri, kamar na mangwaro da aka hana shi abinci, yana fitowa uku-uku a gaɓa. In an karya reshe sai wani ruwa mai danƙo ya tsattsafo. Furen kuwa ja ne mai haske, irin jan da ya sha wanki, cunkus a kan rassa. Kuma ba ta tashi yin ado sai da bazara, lokacin da komai na garin ya ƙone, kare yana laɓe a gindin randa. Mutane suka rasa abin da za su kira ta, suka ce fulawar Alu.

Ya yi mata shinge. Wannan ba abin tambaya ba ne a wurinmu. Akuyar Rurum ba ta san na wani ba, kuma duk abin da ka dasa ba ka kewaye ba, to sadaka ka yi. Sai dai shingen Alu ya wuce misali: ƙayar magarya daga ciki, farar ƙaya daga waje, kowace shekara ya sake sabuwa. Mangwaron da ke gefe, wanda ake sa ran shan 'ya'yansa, tsohon kwando kawai aka kifa masa. In Alu ya rage rassan fulawar, ba ya jefa wa dabbobi, ba ya bari a sa a murhu. Rami yake haƙawa ya binne, sannan ya ɗauki sabulu ya wanke hannu har gwiwa, a hankali, kamar mai alwala. Abin da ya taɓa gaya wa Kulu a kanta bai wuce kalma uku ba: kada a taɓa.

Ita kuma ba ta tambaya ba. Ta sha buɗe baki ta rufe. Yaya za a ce jikar 'yar mai ganye ta tambayi sunan ganye wurin mutumin da bai iya bambance tafasa da rai-ɗore ba? Girman kai ne, ita ma ta sani. Kullum tana cewa wata rana za ta sako zancen cikin hira, a fakaice, yadda ba zai gane ba ta sani ba. Wata ranar ba ta zo ba. Shekara uku da suka wuce Alu ya idar da sallar la'asar, ya jingina da bango, aka zo tashinsa aka tarar ya riga ya tafi.

A zaman makokin nan aka haifi labarin. Matan da suka cika tsakar gida suka yi kwana uku suna kallon shingen, kuma idon da ba shi da aiki ba ya rasa abin gani. Wata ta ce ba a yi wa banza ƙaya ninki biyu. Wata ta tuna yadda marigayin yake binne rassan, ta ce ai don kada wani ya tsinta ya san sirrin ne. Wata ta ce ku duba, mutumin nan ya haura saba'in ba tabarau ba sanda, kuma ko ciwon kai bai yi ba ya cika; me kuke tsammani yake sha? Kafin a yi sadakar arba'in, fulawar Alu ta zama maganin hawan jini, da shawara, da basir, da ciwon da likita ya kasa gani a hoto. Aka fara aiko wa Kulu da roƙon ganye ko uku ne. Tana cewa a yi haƙuri, ba ta san shi ba. Ba wanda ya yarda. Kulu ce ba ta san ganye ba? Aka ce rowa ce, ta gaji sirrin miji ta zauna a kai kamar kaza. Ta ji, ta shanye, ta ci gaba da sake ƙaya duk shekara kamar yadda ta ga ana yi.

Da maganar ta tsaya a bakin 'yan gari da sauƙi. Sai ta shigo gida.

Autanta Munzali, mai haya da babur tsakanin Rurum da Rano, shi ne yake zaune da ita, shi da matarsa Ramlatu. Bana Ramlatu ta sami cikin fari. Bisa al'ada gidansu za ta tafi haihuwa da wankan jego, to amma mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka wankan ya faɗo kan Kulu. Wadda ta tsaya wa Ramlatu a matsayin uwa ita ce goggonta Barakatu, ungozomar Rurum Sabon Gari, mace mai hannu mai kyau da baki mai kaifi. Da cikin ya tsufa, ƙafafun Ramlatu suka kumbura, Barakatu ta zo ta duba, ta fito ta tsaya a gaban shingen ta kama ƙugu. Ta ce ita ta gama shawara: ranar da yarinyar nan ta sauka, ganyen fulawar nan za a zuba a tukunyar wanka maimakon darbejiya, kuma a ɗebar mata ludayi ɗaya ta sha, ya wanke mata ciki ya sauke kumburin.

Kulu ta ce ba za a yi haka ba, ba ta san ganyen ba.

"Yaya Kulu," in ji Barakatu, ba ta ko ɗaga murya ba, "'yan gari kin hana su, ba mu ce komai ba, kayanki ne. Amma wannan marainiya ce. Da 'yar cikinki ce, da tuni kin tsinko."

Ramlatu tana ɗaki, labule kawai ya raba su. Kulu ta san ta ji. Tun daga ranar, yarinyar ba ta canza komai ba, tana gaishe ta, tana kawo mata ruwa, amma ta daina haɗa ido da ita. Wannan ya fi zagin Barakatu ciwo. Kulu ta zauna ta auna abin: in ta hana, ta zama uwar mijin da ta fifita ganye a kan 'yar mutane, in ta bayar, ta zuba baƙon da ba ta sani ba a cikin mai jego. Hanya ɗaya ce ta rage, wadda ya kamata ta bi tun shekara ashirin da suka wuce. Ta ce wa Barakatu ta ba ta kwana kaɗan, za ta nemo sunan. In magani ne, da hannunta za ta tsinko.

Munzali ya ce wannan ai aikin minti biyar ne, Inna ta bar wahalar da kanta, zamani ya zo. Ya ɗauki hoton fulawar da wayarsa ya tura guruf ɗin abokan sana'arsa, mutum sama da ɗari. Amsoshi suka yi ta shigowa. Wani ya ce zaitun ne. Wani ya ce mangwaron Indiya ne, ba ya 'ya'ya sai ya shekara talatin. Wani ya rantse ya ga irinta a bakin titi a Saudiyya, don haka albarkarta ba sai an faɗa ba. Wani kuma bai ga fulawar ba sam, tambaya yake ko babur ɗin da ya fito a gefen hoton na sayarwa ne. Munzali ya karanta mata duka. Kulu ta ce, "Auta, a cikinsu akwai wanda ya ce ya taɓa sha?" Ya duba ya duba, ya ce babu. Ta ce to ya mayar da wayar aljihu.

Ranar kasuwar Rano ta sa leda a hannu ta karyo reshe ɗaya mai fure, karo na farko a rayuwarta, tana waige-waige kamar mai sata a gidan kanta. Ta kai wa Badamasi mai sassaƙe, wanda rumfarsa ta fi ta kowa tarin saiwoyi. Badamasi ya juya reshen, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gamu da tsohon aboki, ya fara jero cututtuka. Ya kai na bakwai Kulu ta tsinki ganye ɗaya ta miƙa masa, ta ce tunda ya san shi haka, ya tauna ta gani. Badamasi ya ce yau yana azumi. Goro ne cike da bakinsa, har ya yi masa ja a leɓe. Suka kalli juna. Sai ya yi dariya, ya matso ya rage murya, ya ce shi da ita ba a ɓoye wa juna: shekara talatin yana wannan sana'a bai taɓa ganin wannan a jeji ba. Ba ɗan ƙasar nan ba ne. In tana son sunansa, ta nemi wanda ya san inda aka ɗauko shi.

A kan hanyar komawa ne abin ya faɗo mata. A cikin masu ta'aziyyar Alu akwai wani dattijo daga Kibiya, Malam Habibullahi, wanda suka yi aiki tare a birni, shi yana gadi yana kuma ja wa ma'aikata salla. Da aka shigo da shi ya yi mata gaisuwa, ya tsaya a gaban shingen ya daɗe, har ta ji ya ce a hankali, ashe dai ya kawo ta. A lokacin hawaye bai bar ta ta bi zancen ba.

Washegari da hantsi Munzali ya goya ta zuwa Kibiya. Ramlatu ta tashi da ɗan ciwon baya, amma Barakatu ta ce da saura, ba yau ba.

Sun sami Malam Habibullahi a zaurensa, ya sallami magidantan da ke ɗaukar karatu wurinsa ke nan. Ya tsufa ƙwarai, amma ya gane ta. Bayan an gaisa an yi wa marigayi addu'a, Kulu ta kwance ledar ta ajiye reshen a kan tabarma. Malam ya janye ƙafarsa. Ya tura mata butarsa, ya ce ta fita ta wanke hannu tukuna.

Da ta dawo ya ba ta labari. Ya ce wata shekara, ana saura kwana huɗu babbar salla, ya sayi ragon layya ya ɗaure a bayan ɗakin gadi. A lokacin Alu sabon zuwa ne. Ya rage rassan fulawar nan, ya ga ganye kore shar a tsakiyar rani, ya ga ragon abokinsa yana cin busasshiyar harawa, sai ya kwaso ya zuba masa. Alheri ya yi niyya. Rago ya ci kaɗan da safe, da azahar yana dalala yana rawar jiki, kafin magariba ya mutu. Da likitan dabbobi ya zo ya ga ganyen, ya ce ai ko saniya ce ba ta kai labari. Manajan wurin yana ce mata oliyanda. Shi kuma Malam daga baya ya ci karo da ita a littattafan magani na Larabci, sunanta difla, wasu kuma suna kiranta gubar jaki. Ganyenta, furenta, ruwan jikinta, ruwan da aka jiƙa ta a ciki, har hayaƙinta in an ƙona, babu na shiga cikin mutum. Zuciya take kamawa.

Ya ce shi ya yafe ragon tun a ranar. Alu ne bai yafe wa kansa ba. Bai sake bari wani ya ɗauki almakashi a wurin ba har ya bar aiki.

Kulu ta ce, kamar mai magana da tabarma, "To shingen fa, Malam? Mu duk mun ɗauka don darajarta ne."

"Malama Kulu, ai ba fulawar yake karewa daga awaki ba. Awakin mutane yake karewa daga fulawar."

Shekara ashirin garin yana karanta shingen nan ta waje ɗaya, ita ma tare da su, don tun da aka haife su ba su taɓa ganin an yi ƙaya don tausayin akuya ba. Sannan ta yi tambayar da ta fi ci mata rai: mutumin da ya ga abin da ta yi da idonsa, me ya kai shi ɗauko ta ya kawo gidan da ke da yara da dabbobi?

Malam ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ya tambaye ta ko ta tuna zuwanta birni da goyo. Ya ce ran nan da zafin rana ta fito ɗiban ruwa a famfo, ta tsaya a gaban jerin fulawar nan har bokiti ya cika yana zuba, ta ce ashe akwai abin da Allah ya halitta don a kalla kawai. Shi yana ƙofa, ya ji. Alu ma ya ji. Da yamma Alu ya ce masa, ranar da ya bar aikin nan, sai ya kai mata ita gida.

Kulu ba ta tuna ta faɗi haka ba. Famfon ta tuna, da bokitin. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

Malam ya ce ya yi wa Alu faɗa a kan ɓoyewar. Alu ya ce in ya furta cewa guba ce, mai unguwa zai sa a tuge ta kafin ta yi saiwa, kuma da gaskiyarsa. Gara shi ya yi gadinta. "Ya zaɓi gadin kusan shekara ashirin a kan magana ɗaya," in ji Malam. "Na ce masa, Alu, mai gadi ma mutuwa yake yi. Ya ce zai gaya miki. Na ɗauka ya gaya miki."

A nan wayar Munzali ta yi ƙara a waje. Ya leƙo yana washe baki: wani maƙwabci ne ya kira, Ramlatu ta sauka lafiya, namiji, har Goggo Barakatu ta ɗora tukunyar wanka. Kulu ta miƙe da saurin da gwiwoyinta suka manta da shi. Ta ce ya kira ya ce kada a sa komai a tukunyar. Ya kira maƙwabcin, ya riga ya wuce gona, waya ba ta shiga. Ya kira wayar Ramlatu, tana wurin caji. Barakatu kuwa ba ta riƙe waya, ta ce tana sa mata ciwon kunne.

Munzali ya sha gudu a hanyar nan, amma bai taɓa yi da uwarsa a baya tana ce masa ya ƙara ba. Ita lissafi ɗaya take yi: tukunyar da za a ɗora ita ce babbar ta daddawa, kuma ta san ta, ba ta tafasa da wuri ko an cika mata itace.

Da ta shiga gida, shingen ta fara gani, an yaye shi ta gefe guda. Tsakar gida cike da mata 'yan barka. Tukunya tana tafarfasa, dogayen ganye suna juyawa a kai. A kan turmi an ajiye kofin silba, tururi yana tashi daga ciki. Kulu ba ta amsa sallamar kowa ba, ba ta nufi ɗakin mai jego ba. Ta ɗauki kofin ta kifar a ƙasa. Ta ɗauki tabarya ta sa a kunnen tukunya ta tura, ruwan ya malale ya kashe wutar. Matan suka ja da baya suna salati. Barakatu ta fito daga ɗaki, hannayenta duk karcen ƙaya, ta buɗe baki za ta fara.

"Ta sha?" in ji Kulu.

"Kin dai ga rowa ta kai ki ga..."

"Barakatu. Ta sha?"

Wani abu a muryar ya sa Barakatu ta tsaya. Ta ce bai huce ba, jira take ya huce.

Sai a lokacin Kulu ta zauna a kan turmin. Ta sa aka kore kaji daga inda ruwan ya kwanta, aka zuba ƙasa a kai. Sannan ta ba su labarin ragon Malam Habibullahi, daga farko har ƙarshe, da murya yadda ta cikin ɗaki ma za ta ji. Labarin famfo da bokiti ne kawai ta riƙe, wannan nata ne. Barakatu ta sulale ta zauna a ƙasa tana kallon tafin hannunta, waɗanda dama tun ɗazu suke yi mata zafi tana cewa ƙaya ce. Kulu ta ɗauko sabulu da buta ta durƙusa ta wanke mata hannu har gwiwa. Ta ce mata ba laifinta ba ne ita kaɗai; wadda ta kwana ɗaki ɗaya da mai amsar ta ƙi tambaya, ita ce babbar mai laifi.

Aka sari darbejiyar ƙofar gida, aka aro tukunya a maƙwabta. Da Kulu ta shiga ɗaki, Ramlatu ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, ta miƙa mata jaririn. Tsohuwar tukunyar kuwa tana nan a kife bayan rumbu, ba a sake dafa kalwa a ciki ba.

Ranar suna duk macen da ta shigo sai Kulu ta kai ta gaban shingen ta faɗa mata sunan da abin da take yi, kafin ma a ba ta tabarma. Yawanci suka riƙe baki. Wata tsohuwa ce kawai ta matso ta raɗa mata cewa gubar da ta kai haka ƙarfi ba za ta rasa maganin wani abu ba, a ɗan sam mata. Mutanenmu ke nan.

An sa wa yaron Aliyu, sunan kakansa, don haka Kulu ba ta iya kiran sunan, Maigida take ce masa. Ranar da Maigida ya fara rarrafe, bai nufi uwarsa ba, bai nufi kwanon tuwo ba, jan furen da ya faɗo wajen shinge ya nufa. Kulu ta cafe shi, ta ce wa Munzali ya ɗauko gatari. Ba ta kalla ba lokacin da yake saran, amma ita ta haƙa ramin, ita ta binne rassan. Kwana biyu ba ta yi daddawa ba.

Ba a rufa wata biyu ba, tana shara da safe ta ga 'yan tofo kore guda biyar sun leƙo daga kututturen, ganye uku-uku. Ta daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu. Munzali ya ce wannan abu akwai taurin kai, bari ya aro diga ya tono ta har saiwa. Kulu ta ce ta san inda ta koyo taurin kan. Ta ce ya bar digar, ya nemo bulo da magini.

Yanzu katanga ce kewaye da ita, ta kai ƙirjin babban mutum, ba ƙofa, kuma Kulu tana rage duk reshen da ya leƙo waje tun bai yi fure ba. Na tsakiya ne take bari su yi tsawo. Da bazara, in ta zauna a bakin murhu tana jiran kalwa ta nuna, tana hango jan furen ta saman bulon. Baƙon da ya shigo ya ce kai, wannan wace irin fulawa ce, ba ya ƙarasa tambayar take ba shi amsa: sunanta difla, guba ce, kallonta kawai ake yi. Wanda ya ce to mene ne amfanin ajiye ta, sai ta ce masa ya matsa daga gabanta, ya tare mata gani.